Karkandar Sumatara da ceton da ya kusa ƙarasa ta

A littafin da nake koyarwa da shi akwai hoton karkanda a fili fetal, cikin ciyawa. Shi ya sa ɗalibaina suka yi mini dariya ranar da na ce akwai wata karkanda mai gashi da ke hawan duwatsu cikin kurmi. Ita ce karkandar Sumatara, wadda ta fi duk danginta ƙanƙanta, mai ƙaho biyu, mai son birgima cikin taɓo. Marko Folo ya gan ta a tsibirin Sumatara wajen 1292, ya kuma yi mamakin muninta.

A da ana samun ta tun daga gindin duwatsun Himalaya, ta Bama da Tailan, har Malesiya da tsibirin Borneyo. Mafarauta suka bi ta saboda ƙahonta da ake sayarwa don magani, masu saran katako da gonakin kwakwar manja suka yayyanke dajin. Yau sai a Indunusiya kawai ta rage, ba ta kai 80 ba, mafi yawa a dajin duwatsun Gunung Leuser da kuma Way Kambas.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirin ceton da aka soma a 1984. An kama karkanda 40 aka rarraba su a gidajen namun daji na Malesiya, Indunusiya, Ingila da Amurka, da niyyar su hayayyafa. Kusan duka suka mutu ba ɗa ba jika. Masanan ba su san abincinta ba. Dabbar da ta saba da ɗanyen ganye aka tura wa busasshiyar ciyawa, ta yi ta ramewa, sai da aka koma kawo mata ganyen itacen dangin ɓaure. A 2003 wata cuta dangin sammore, irin wadda masu raƙuma suka sani, ta kashe biyar a wuri guda a Malesiya cikin ƴan makonni.

Sai a gidan namun daji na Sinsinati aka gano cewa macen ba ta sakin ƙwai sai ta sadu da namiji. A 2001 wata mai suna Emi ta haifi Andalas, ɗa na farko da aka yi cikinsa kuma aka haife shi a hannun mutane tun 1889. An mayar da shi Way Kambas a 2007, ya haifi ɗa a 2012, kuma an ƙara samun biyu a wurin a 2023. Ciki ɗaya yana ɗaukar wata 15 zuwa 16, don haka ba a gaggawa.

Ni a ganina, yanzu kaɗaici ya fi bindiga yi mata ɓarna. Waɗanda suka rage sun warwatsu, dutse da hanyar mota sun raba su, mace kan shekara ba ta gamu da namiji ba, kuma in ta daɗe ba ciki sai ƙari ya fito mata a mahaifa. Malesiya ta gani da idonta: namijinta na ƙarshe, Tam, ya mutu a watan Mayu na 2019, macen, Iman, ta bi shi a Nuwamba.

Da na gaya wa ajin haka, wata yarinya ta tambaye ni ko mu ma muna da karkanda. Na ce baƙar karkandar yammacin Afirka a arewacin Kamaru aka yi mata ganin ƙarshe, kuma a 2011 aka sanar cewa ta ƙare.