Insulin da Tsokar Ma'aikaci: Tarihin Wata Muhawara da Ta Shafi Sharada

Duk ranar 14 ga Nuwamba, wadda aka keɓe wa ciwon suga tun 1991, zance a Kano kan karkata ne ga tsadar allurar insulin, musamman bayan faɗuwar darajar naira a 2023, da kuma lemon kwalba da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa harajin naira 10 a kan kowace lita. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne tsoka, alhali a cikinta ne mafi yawan aikin insulin yake gudana, kuma da ita ma'aikacin masana'antun Sharada, Challawa da Bompai yake neman abincinsa.

Likitocin dā sun san cutar ta hanyar yawan fitsari da zaƙinsa, amma sai a 1889 Minkowski da von Mering suka nuna cewa tushenta na cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. A 1921 Banting da Best suka tace insulin a Toronto, aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa a Janairun 1922. Himsworth ya lura a 1936 cewa wasu majinyata suna da sinadarin amma jikinsu ba ya jin umarninsa, sannan DeFronzo ya auna a 1981 cewa tsoka ce ke ɗauke kusan kashi 80 cikin ɗari na sugan da insulin ke kwashewa daga jini.

Daga nan hankali ya koma kan mitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke cikin ƙwayar tsoka, waɗanda suke ƙona suga da kitse su samar da makamashin da ake kira ATP, kamar yadda janareta ke riƙe masana'anta. Waɗannan sassa an gina su ne da ɗaruruwan furotin da ke lalacewa kullum ana sabunta su. A 2002 Kelley ya ba da rahoto daga Pittsburgh cewa na masu ciwon suga nau'i na biyu sun fi ƙanƙanta da rauni. A 2003 Stump da Nair na asibitin Mayo a Amurka suka ɗura wa mutane insulin na tsawon sa'o'i, suka ga cewa a tsokar masu lafiya ƙera furotin na mitokondiriya da samar da ATP sun ƙaru, a tsokar majinyata kuwa samar da ATP bai motsa ba. Wannan ya tabbatar da cewa insulin, ban da shigar da suga cikin tsoka, yana ba da umarnin gyara wurin da za a ƙona shi.

A 2004 Petersen da Shulman na jami'ar Yale suka sami raguwar aikin mitokondiriya da kusan kashi 30 cikin ɗari a 'ya'yan majinyata, sai wasu suka ɗauka cewa raunin gado ne kuma shi ne silar cutar. Wannan ra'ayi bai tsaya da ƙafarsa ba, domin Nair da kansa ya nuna a 2008 cewa 'yan asalin Indiya suna da mitokondiriya masu ƙarfi amma jikinsu na bijire wa insulin, kuma tun 1967 Holloszy ya gano cewa gudu a kai a kai yana ninka sinadaran mitokondiriya a tsokar ɓera. Bayanin da ya fi dacewa da hujjoji shi ne cewa zama wuri ɗaya da tarin kitse ne ke fara toshe saƙon insulin, sannan furotin su ragu.

Tarihin Kano na baya-bayan nan ya ƙarfafa wannan fahimta. Ma'aikatan masaƙu da majemu na shekarun 1970 da 1980 da yawansu da ƙafa ko da keke suke zuwa aiki, kafin durƙushewar masana'antu bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta tura dubbai zuwa acaɓa, daga baya kuma zuwa A Daidaita Sahu bayan haramcin acaɓa na 2013, sana'o'in da ake wuni a zaune. Saboda haka haraji a kan lemo da sauƙaƙa farashin allura wajibi ne, amma ba za su wadatar ba muddin masu masana'antu da hukumomin lafiya ba su sa gwajin suga da motsa jiki cikin tsarin aikin ma'aikata ba.