Giɓin da ke tsakanin rubutu biyu

A shekarar 1988 masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da takardar da ta yayata sunan RAID. Dabarar ta girme su, domin wani injiniyan IBM, Norman Ken Ouchi, ya yi rajistar makamanciyarta tun 1978. Su dai suka tsara ta hawa biyar, suka ce maimakon a sayi faifan ajiya guda mai ɗan karen tsada, gara a haɗa ƙanana masu araha su yi aiki tamkar ɗaya, a ware wani kaso na sararinsu don kariya.

Hawa na biyar ne ya fi karɓuwa saboda tattalinsa. A sauƙaƙe, idan faifai na farko na riƙe da 3, na biyu na riƙe da 5, sai a rubuta 8 a na uku. Ranar da mai 5 ya mutu, a cire 3 daga 8, abin da ya ɓata ya dawo. Sararin faifai ɗaya kacal aka sadaukar.

To amma a ce za a mayar da 3 ɗin nan 4. Rubutu biyu ake bukata a faya-fayai biyu: sabuwar lambar, da sabuwar jimillar. Idan aka ɗauke wuta bayan an yi na farko ba a kai ga na biyu ba, abin da ke ajiye shi ne 4 da 5 da 8. Mai 5 na mutuwa a wannan hali, manhaja za ta cire 4 daga 8 ta miƙa wa mai kwamfuta 4, hankalinta kwance. Fayil ɗin da ya lalace ba ma shi ake rubutawa ba lokacin da wutar ta tafi. Wannan shi ne giɓin rubutu, kuma duk wanda ke riƙe da sabar ofis a Kano ko Zinder ya san ɗaukewar wuta ba labarin littafi ba ne.

Masu kuɗi sun toshe shi da kuɗi. Kamfanoni suka riƙa sayar da katin RAID mai ɗauke da ƙwaƙwalwa da batir, wanda ke riƙe rubutun da bai kammala ba har wuta ta dawo. Sai dai batir na mutuwa ba sallama, kuma idan katin ya ƙone sai an nemo irinsa kafin a iya karanta faya-fayan.

Linux ya bi hanyar manhaja zalla. Tun shekarun 1990 yake da sashen da ake kira md, a 2001 kuma Neil Brown ya rubuta mdadm, wadda har gobe da ita ake sarrafa shi. Maganin md a lokacin shi ne alama: idan kwamfuta ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, da ta tashi sai a sake lissafa jimillar. Wannan yana aiki muddin faya-fayan duk suna raye. In ɗaya ya riga ya faɗi, babu abin da za a yi lissafin da shi, md sai ya ƙi tayar da jerin faya-fayan har mai shi ya tilasta masa. A ganina ƙin nan gaskiya ce da ya kamata a yaba, ko da yake mai aikin da ke tsaye gaban sabar da ta ƙi tashi da tsakar dare ba yabo ne a bakinsa ba.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan zurfi. RAID yana iya gane lissafi bai daidaita ba, amma bai san wane faifai ya yi ƙarya ba, kamar alƙalin da shaidu biyu suka saɓa a gabansa babu na uku. In aka ce md ya gyara, a RAID 5 yakan ɗauka bayanan ne daidai ya sake rubuta jimillar. A RAID 1 kuwa, inda faya-fayai ke riƙe da kwafi iri ɗaya, ya kwafi faifai ɗaya ya ɗora a kan ɗan'uwansa. Faifai kuma na ƙarya. Wani bincike da aka gabatar a 2008 kan faya-fayai miliyan 1.53 na kwastomomin NetApp cikin wata 41 ya gano wurare sama da 400,000 da abin da aka karanto ya saɓa wa abin da aka rubuta.

Kamfanin Sun ya tunkari abin daga tushe. Tsarinsa na ajiyar fayil, ZFS, da Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka jagoranta, ya fito a 2005 da dokoki biyu: ba a rubutu a kan tsohon bayani, sai a sabon wuri, a karkata alama zuwa can bayan an gama, kuma kowane ɓangare yana da hatimin lissafi da aka ajiye a wani wuri daban. Ta farko ta rufe giɓin, ta biyu ta samar wa alƙali shaida na uku.

An sa rai Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a Oracle a 2007, zai kawo wa Linux irin wannan. Ya samu RAID 5 da 6 a 2013, amma da giɓin a ciki, domin yana taɓa layin bayanai a inda yake. A 2016 Goffredo Baroncelli ya nuna abin da ya fi muni: aikin duba-da-gyara kansa yana iya gyara bayani ya ɓata jimillar. Daga 2021 manhajar ƙirƙirar Btrfs ta fara gargaɗin duk mai son wannan tsari.

Shi md sai a 2016, a Linux 4.4, ya samu kundin da ake fara rubuta komai a ciki, aikin injiniyoyin Facebook. Shekara guda bayan haka na Intel suka ƙara wata hanya mai sauƙin nauyi a Linux 4.12. Dukansu suna rage gudu, kuma sai mai kwamfuta ya kunna su da hannunsa.

Ana cikin haka faya-fayai suka yi ta girma, lokacin farfaɗo da jeri ya tashi daga sa'o'i zuwa kwanaki, wato lokacin da giɓin ya fi haɗari ya ƙara tsawo. Robin Harris ya yi hasashe tun 2007 cewa RAID 5 zai daina amfani a 2009, bisa alkawarin masu ƙera faifai na kuskuren karatu ɗaya a kusan terabayit 12. Ya zafafa, jeri da yawa sun ci gaba da farfaɗowa lafiya, amma jama'a sun koma RAID 6 mai lissafin kariya biyu. A Afrilun 2020 kuma aka gano Western Digital ya sa fasahar SMR, mai tsananin jinkiri idan rubutu ya yi yawa, cikin wasu faya-fayan WD Red da yake tallatawa don jeri, bai sanar ba. Masu saye suka riƙa ganin manhaja na korar sabon faifai ana tsakiyar farfaɗowa, ta ɗauka ya mutu. Bayan ƙorafi da ƙara a kotu, kamfanin ya ware marasa SMR ya sa musu suna Red Plus.