Tabon da ke damtsenka

1/ Duba damtsenka na hagu. Ɗan tabon nan na rigakafin BCG ne, kuma ya girmi kakanka: a 1921 aka fara ba wani jariri shi a Faransa.

2/ Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, amma har yau BCG kaɗai gare mu. Yana kare yara, manya kuwa sai a hankali. Cutar talaka ce, kamfanoni ba su hango riba ba.

3/ Sabon rigakafin M72 ma, sai da gidauniyoyin Gates da Wellcome suka zuba kuɗi aka fara babban gwajinsa a 2024. In ya yi nasara, wa zai biya kuɗin kawo shi Najeriya, inda cutar ta fi yawa a Afirka?