Idon Doki a Hoton Hawan Kano

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon hoton hawan Sallah na Kano, irin mai baƙi da fari, zai lura da abu ɗaya. Rawani ya fito, alkyabba ta fito, jalala da likkafa duk sun fito, amma idon doki babu shi. Inda ya kamata a gan shi, sai wani duhu a ƙarƙashin adon goshi. Fiye da shekara ɗari ke nan masu hoto suna fama da wannan ɗan wuri da bai kai tafin hannun yaro ba.

Gyaran hoton Kano ya girmi kyamara a birnin. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya hau dutsen Dala ya zana birni da ganuwarsa. Da ya koma Turai, wani mai zane, Johann Martin Bernatz, shi ya sake tsara zanen don a buga a littafi. Wato surar Kano da duniya ta fara sani ta bi ta hannun mai gyara kafin ta isa ga mai kallo.

Kyamara ta samu gindin zama bayan Turawa sun ci birnin a 1903, musamman da jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka kafa Sabon Gari, inda baƙi masu sana'o'in zamani suka sauka. A 1925, zamanin Sarki Usman, an yi wa Yariman Wales na Ingila gagarumin hawa, aka ɗauki hotuna aka kai ƙasashen waje. Sai dai faranti da fim na farkon zamani suna da wata nakasa: ba sa ganin ja sosai, suna mayar da shi baƙi. Jan doki sai ya fito tamkar akawal, idonsa mai ruwan ƙasa ya narke cikin fuska. Ga ranar Kano da ke saukowa daga tsakar ka tana jefa inuwa a kwarmin ido, ga ƙurar kofato, ga dokin da bai san a ce masa ya tsaya cik ba. Kili ne kaɗai ke tsira, don farin jikinsa yana ware idon.

Maganin da masu sutudiyo suka riƙe shi ne fensir da reza. A jikin nagetif komai a juye yake, abin da ya yi duhu a can shi ke fitowa da haske a takarda. Saboda haka mai gyara zai fiƙe fensir, ya haska nagetif ta baya, ya ɗiga ɗigo ɗaya tak a ƙwayar ido. Idan aka wanke, ɗigon ya zama ɗan ƙyallin nan da ke sa a ji dabbar tana numfashi. Wani kuma a kan takardar yake aiki, ya kankare da bakin reza har farin ya bayyana. Aiki ne na haƙuri, kuma hannu na rawa an yi asarar hoton, domin babu komawa baya. Mutanen birni ba su ga baƙon abu a nan ba. An daɗe ana sayar da kwalli da tandu a kasuwar Kurmi, wadda Sarki Rumfa ya kafa fiye da ƙarni biyar da suka wuce, an kuma san ido ne ke tayar da fuska.

Zuwan fim mai kala da injinan wanki ya kwantar da fensir, sannan filashi ya kawo tasa matsalar. A bayan idon doki, da na kyanwa, da na kura, akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda ke taimaka musu gani da dare. Filashi na dukansa sai idon ya fito kore ko fari fat. Wanda ya ɗauki mahaya suna komawa gida bayan magariba ranar hawan Daushe ya san wannan ciwon kai.

Photoshop ya fito a 1990, kuma yau a waya ma ana yin abin da a da sai gwani. Matasan da ke cika Ƙofar Kudu da kyamarori sukan kwana suna editin, su haska ido, su ƙara masa kaifi, gobe hoton ya hau Instagram ko a buga shi a allon talla. Da yawansu sun iya, kuma sun ba dawakin Kano kwarjinin da tsofaffin hotuna suka hana su. Amma akwai masu wuce gona da iri, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake da barga zai gane nan take. Baƙin tsakiyar idon doki a kwance yake, kamar na rago da akuya, ba zagayayye irin na mutum ba. Ƙyallin ido kuma dole ya zo daga inda rana take. Hawan Daushe da la'asar ake yi, rana ta karkata yamma, don haka idan inuwar doki ta faɗi gabas, ƙyallin kuma ya fito ta gabas, an yi wa dabbar ƙarya. Wannan abin takaici ne, domin idon ne ke nuna ko dokin a natse yake ko ƙarar harbin 'yan bindiga ta firgita shi.

A waje an daɗe da shata iyaka. Gasar hotunan namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa ta yarda a gyara haske da kala daidai gwargwado, amma ba ta yarda a ƙara abin da babu ba, tana kuma neman ainihin hoton da ya fito daga kyamara. A 2010 ta ƙwace kambun José Luis Rodríguez bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka horarre ne.

A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Hotunan da ake ɗauka yanzu su ne masu bincike za su duba nan gaba don sanin irin dawakin da hakimai suka hau da irin kayan da aka ɗaura musu, kamar yadda ake zuwa Gidan Makama a duba na zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Mai hoton da ya adana na asali kusa da wanda ya gyara ya sauƙaƙa musu aiki.