Kuka, Kimba da Ƙaho: Yadda Kakanninmu Suka Yi Jinyar Kansu a Ƙasar Gabas



Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa a Inugu, ko Anacha, ko Fatakwal, ya san wata tsohuwar samira ko gwangwani da ke ajiye a ɗakin kaka. In ka buɗe, sai ƙamshin kimba da citta da kanumfari ya doki hancinka. Ga ƙullin kanwa, ga ɗan kwalban man shanu, ga man kaɗe a leda. Mu da muke yara, kayan miya muka ɗauke su. Sai da muka girma muka gane cewa wannan samira ita ce asibitin farko na gidan, kuma tarihinta ya yi tsawon tarihin zamanmu a wannan ƙasa.

Hausawa sun fara shigowa Gabas tun kafin Turawa su gama kafa mulkinsu. A ƙarshen ƙarni na 19 akwai maharban giwa da suka zauna a Elele, cikin Jihar Ribas ta yau. Ta kogin Kwara kuma fatake, Hausawa da Nufawa, suna saukowa Anacha da kayansu. Har gobe sunan titin Bida, inda babban masallacinmu na Anacha yake, shaida ne a kan haka. Amma abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne kwal da jirgin ƙasa. An gano kwal a yankin Udi a 1909. An kafa Fatakwal don a riƙa fitar da shi ta teku, kuma layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916. Daga nan aka ci gaba da jan layin zuwa Arewa, har aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Daga lokacin ne mutum ya samu damar shiga jirgi a Kaduna ko Kafancan ya sauka a Inugu ba tare da ya hau kwale-kwale ba.

Waɗanda suka fara zuwa yawancinsu maza ne: 'yan tireda, mahauta, masu koro shanu, malamai, da tsofaffin sojoji. Ba mata, ba iyaye. Baƙo yakan sauka a gidan fatoma, shi ne zai ba shi wurin kwana, ya sama masa mai sayen dabbobinsa, kuma daga cikin gidansa ake fito masa da tuwo. Wannan tuwon ba ƙaramin abu ba ne fa. Mutum ya yi kwana da kwanaki a hanya, ya iso ƙasar da bai jin yarenta, abincinta doya da rogo da manja, ruwan sama kuwa kamar ba zai tsaya ba. Ranar da aka ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka, da ɗan man shanu a kai, ranar yake fara barci mai daɗi. Tsofaffinmu sukan ce rabin ciwon baƙo kewa ce, ita kuwa kewa tukunya ke maganinta.

To sai dai girkin gida a nan ya zo da wahalarsa. Gero ba ya yi a wannan ƙasa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, tsamiya, kanwa, duk sai an kawo daga Arewa. In sun iso kuma, danshi ya far musu. Kukar da za ta shekara a Katsina lafiya lau, a Fatakwal sati kaɗan take yi ta dunƙule. Iyayenmu mata suka koyi rataye kayan miya a saman murhu don hayaƙi ya riƙa busar da su. Inda dawa ta yi wuya, aka koma tuwon masara da na shinkafa. Inda man gyaɗa ya yi tsada, manja ya shiga miyar kuka, ya zauna daram har yau. Ganyen ugu ya shiga miyar taushe da dambu. 'Ya'yanmu na Inugu kuwa da okpa suke karya kumallo, kuma da yawansu ba su san cewa gurjiya ce ba, wadda buhunanta masu yawa daga Arewa ake lodo su.

Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Yajin da muke tinƙaho da shi, rabinsa ɗan kurmi ne. Kimba da masoro itatuwan ƙasar dausayi ne, ba sa yi a Kano ko Sakkwato, fatake ne ke kai su can tun zamanin da. Kakanninmu da suka iso nan, sai suka tarar da su a kasuwa da araha, da wasu sunaye. Kimba ita ce Ibo ke kira uda, masoro kuma uziza. Su ma sun karɓi namu: kanwa ta zama akanwu a bakinsu, goron da muke ci kuwa har yau gworo suke ce masa, don su bambanta shi da nasu na gargajiya. Ashe tun kafin mu zama maƙwabta, tukwanenmu sun san juna.

Inda wannan kamanceceniya ta fi fitowa shi ne wajen jego. Mace ta haihu a gidan Bahaushe, sai wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, da kunun kanwa, da gasasshen nama mai yaji, da farfesun ƙauri. A gidan maƙwabcinmu Ibo, uwar maijego kan tare a gidan, abin da suke kira omugwo, ta riƙa gasa mata jiki da ruwan zafi, tana dafa mata farfesun doya da busasshen kifi da uda. Matanmu na farko da suka haihu nesa da iyayensu, sau da yawa tsohuwar unguwa ce ta tsaya musu, wani lokaci ma maƙwabciya Ibo ce ke leƙowa da kwanon farfesu. An zauna irin wannan zama. A shekarun 1950 mutanen Inugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko.

Ban da tukunya, akwai hannu. Aikin da ya kawo mu nan aikin ƙarfi ne: dako, fawa, turin ruwa, gadi, tafiyar ƙasa da shanu. Ciwon baya da na gaɓoɓi kuwa abokan wannan aiki ne, balle a ƙasa mai sanyin damina. Kowace unguwar Hausawa ba ta rasa wanzami. Shi ke aski, shi ke kaciya, shi ke yin ƙaho: ya kafa ƙahon a baya, ya zuƙe iska, ya toshe, ya ɗan tsaga fata ya fitar da jini. Akwai maɗori don targaɗe da karaya. A cikin gida kuma ana gashi da tsumma da ruwan zafi, ana tausa da man kaɗe ko man shanu. Mai mura a lulluɓe shi da bargo ya yi sirace. Mai ciwon haƙori a ba shi kanumfari ya danne a wurin, ya kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Mai tashin zuciya a dafa masa citta. Wanda ya tashi daga zazzaɓi bakinsa ba ɗanɗano, a dama masa kunun tsamiya. A kan duk wannan, malam ya yi tofi, a roƙi Allah sauƙi.

Wannan zama ya tsinke a 1966. Bayan kashe-kashen da aka yi wa mutanen Gabas a Arewa, namu mutanen da ke nan su ma suka kwashe, waɗansu ba su kai gida ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Da aka fara dawowa, tsofaffi da yawa ba su dawo ba, sun tafi da abin da suka sani. Waɗanda suka zo daga baya a manyan motoci suka zo, kuma sun tarar da wata duniya: kemis a kowace kwana, ga kasuwar magani ta bakin gadar Anacha, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Abin da a da sai an dafa ruwa an jira, yanzu da 'yan canji ake sayensa a haɗiye.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Maganin asibiti rahama ne, kuma ba duk abin da kaka ta yi ne daidai ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suna kumbura, numfashi na gagararsu. Suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, saboda gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, haɗe da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Saboda haka maijegon da ƙafarta ta kumbura ko take haki, a ajiye kanwa a kai ta asibiti. Askar wanzami in ana yi wa mutum biyu da ita, tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau, shi ya sa dole sabuwar reza ga kowa. Ɗorin da aka matse da yawa yakan kashe hannu ko ƙafa har a kai ga yankewa, alhali ga asibitin ƙashi na ƙasa nan a Inugu, kamar na Dala a Kano. Zazzaɓin cizon sauro kuma, sirace ba ya kashe shi. A gwada jini a sha magani.

Amma a ɗaya gefen, mu dubi abin da muka musanya samirar kaka da shi. Yaro ya zo cirani yana ɗan shekara 18, yana kwana a rumfa ko cikin baro. Ba fatoma, ba tuwon dare. Da asuba ya sha shayi, ya ce wa mai kemis ya haɗa masa na ciwon jiki. A zuba masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, bai san sunan ko ɗaya ba. Irin waɗannan magungunan in aka daɗe ana sha, musamman ba abinci a ciki, suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Daga nan wani ya nuna masa tiramol, wai don ya yi aiki bai gaji ba. Hukumar NAFDAC ta taɓa rufe kasuwar maganin Anacha a 2007, zamanin Dora Akunyili, saboda jabun magunguna. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk da haka, wallahi kowa a unguwar nan ya san wani yaro da ya zo da ƙarfinsa da hankalinsa, aka mayar da shi gida ba ko ɗaya.

Ciwon da wannan yaro yake ji, shi ne dai wanda kakanninmu suka ji: gajiya, sanyi, yunwa, da kewa. Bambancin shi ne su sun samu wanda zai dafa musu ruwa. Ɗumi yana sassauta jijiya, tausa tana rage ciwo, abinci mai zafi da barci suna gyara jiki, wannan ko likita ba ya musu. Amma duk cikinsu ba wanda mutum ke yi wa kansa da kyau. Ba ka iya gasa bayanka da kanka. Maganin kaka ya yi aiki ne domin akwai kaka.

Shi ya sa nake kira ga sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin kasuwannin dabbobi da na gwari, tun daga Gariki da Artisan a Inugu har bakin gada a Anacha da mayankar Fatakwal. A dawo da al'adar sanin baƙo, a san wa ya zo, ina yake kwana, me yake ci. Iyayenmu mata da ke sayar da tuwo da kunu a taimaka musu da jari, domin aikin lafiya suke yi ko ba su sani ba. Wanzamanmu a haɗa su da ma'aikatan lafiya su koyi tsabtar kayan aiki. 'Yan matanmu da samarinmu da aka haifa a nan, su zauna kusa da tsofaffin da suka rage su tambaya, tun suna nan. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai an san inda za ta yi aiki da inda sai likita.

In kana da maƙwabci ɗan cirani da ka ji yana nishi da dare, kafin ka nuna masa hanyar kemis, aika masa da kwanon tuwo da tulun ruwan zafi, ka tambaye shi inda ke masa ciwo. Haka aka yi wa kakanka ranar da ya sauka daga jirgi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.