Tambaya Kafin Nasiha: Nazarin Aikin Kocin Rayuwa a Ƙasar Gabi

A rahotonta na 2023, ƙungiyar masu aikin koci ta duniya, wato ICF, ta ƙiyasta cewa mutane wajen 109,000 ne ke cin abinci da wannan sana'a, kuma abin da suke samu a shekara ya haura dalar Amurka biliyan 4.5. Galibinsu suna Arewacin Amurka da Yammacin Turai, masu zuwa wurinsu kuwa yawanci manyan ma'aikata ne da shugabannin kamfanoni. Wanda ya ji haka yana iya cewa wannan harkar 'yan ƙoshi ce, ba ruwanta da wuri irin Gabi, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Madarumfa, kudu da Maradi, wadda ta jingina da dajin Baban Rafi da iyakar Najeriya. Can gero da dawa da wake da gyaɗa ne ke riƙe da gida, sai kiwo da itacen wuta da abin da samari suka samo a cin rani. Sai dai ɗaya daga cikin gwaje-gwaje mafi nauyi da aka taɓa yi kan wannan irin aiki, a ƙauyukan Nijar aka yi shi, har da na jihar Maradi. Shi ya sa batun ya cancanci a zauna a duba shi da idon basira.

Sana'ar ba ta daɗe ba. Wani Ba'amurke mai koyar da wasan tanis, Timothy Gallwey, ya lura cewa ɗalibansa sun fi gyaruwa idan ya rage ba su umarni ya sa su lura da abin da hannunsu ke yi, ya kuwa rubuta littafi a kan haka a 1974. John Whitmore na Ingila, wanda a da direban tseren mota ne, ya ɗauki dabarar ya kai ta ofisoshi a littafinsa na 1992. Shi ya yaɗa tsarin tambayoyi huɗu da har yau ake koyarwa: me kake so, a ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, wacce za ka bi kuma yaushe. Thomas Leonard, mai ba da shawara kan kuɗi, ya buɗe makarantar horar da koci a 1992, sannan ya kafa ICF a 1995. Daga nan aikin ya fita daga ofis ya shiga batun aure, tarbiyya, lafiya da neman abinci.

Ginshiƙin abin shi ne koci ba ya zaɓar wa mutum buri. Yana tambaya, yana saurare, yana taimaka masa ya karya babban buri zuwa ƙananan ayyuka masu ranar yi, sa'an nan ya dawo ya ji ko an yi. Masana halayyar ɗan Adam sun ba wannan hujja. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "yi iya ƙoƙarinka" fitar da aiki. Peter Gollwitzer kuma ya nuna a 1999 cewa wanda ya faɗi lokaci da wurin da zai yi abu ya fi wanda ya tsaya kan niyya kawai cika shi. Ba wani siddabaru a ciki. Duk abin da ya wuce wannan, na ɗaga murya a zauren taro da "kai ma za ka iya", tallan haja ne.

Bahaushe bai rasa masu ba shi shawara ba. In ma dai wani abu ne, sun yi masa yawa. Akwai uba da kawu, gwaggo da uwar ɗaki, malamin zaure, ubangida a kasuwa, aminiya a cikin gida. Amma kusan dukkan shawarar nan daga sama take gangarowa. Babba ya yi magana, ƙarami ya sunkuyar da kai ya ce "to", ko da zuciyarsa ba ta ɗauka ba, domin musu da babba rashin kunya ne. Sannan mai shawarar yakan kasance yana da nasa rabo a cikin lamarin: ubangida ba zai so yaronsa ya buɗe rumfa kusa da tasa ba, uwar miji kuma tana da ra'ayi kan inda kuɗin surukarta zai tafi. Abin da ke da ƙaranci a wurinmu shi ne mutumin da zai zauna ya yi ta tambaya, ba ya neman komai, ba ya kuma yanke hukunci.

A ɗauki misalin mace mai ƙuli-ƙuli a wani ƙauyen Gabi, wadda kullum jarinta ke karyewa kafin damina. Mai nasiha zai ce mata ta yi haƙuri ta dage, arziki na Allah ne. Gaskiya ya faɗa, amma ta tashi yadda ta zauna. Koci zai tambaye ta: tiya nawa ta gyaɗa kike saya ranar kasuwa? Kwalba nawa ta mai take fitarwa? Wa ke ɗauka bashi, wa ke biya? Kafin a kai ƙarshe ita da bakinta za ta gano cewa sana'ar ba ta faɗuwa, bashin dangi da bikin maƙwabta ne ke cinye uwar kuɗin. Nan ne wurin da aikin ke da daɗi, domin ba za a ce mata ta hana uwar mijinta mai ba. Ta san gidanta fiye da kowa. Ita za ta nemo mafita, wataƙila ta riƙa kai uwar kuɗin asusu tun ranar ciniki, yadda in an tambaya za ta ce babu a hannu ba tare da ta yi ƙarya ba. Mako na zagayowa a tambaye ta: kin kai?

Wannan "kin kai?" ɗin ba baƙo ba ne a ƙasar Maradi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a wannan jiha, bisa tushen adashin da mata suka saba. Mata ashirin zuwa talatin su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ba mai buƙata rance, a ci tarar wadda ta makara, a fasa asusu bayan kamar shekara. Tsarin ya bar Nijar ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Wanda ya kalle shi da idon mai nazarin koci zai ga rabin aikin an riga an yi: akwai buri mai adadi, akwai ranar cikawa, akwai idon jama'a. Rabin da ya rage shi ne zama da kowace mace ita kaɗai a ji abin da take son yi da kuɗin.

Gwajin da na ambata a farko ya haɗa rabi biyun. An yi shi a cikin shirin tallafin gwamnatin Nijar wanda Bankin Duniya ya mara wa baya, inda aka riƙa ba matan gidaje marasa ƙarfi jika goma ta sefa kowane wata. Thomas Bossuroy da Patrick Premand da abokan aikinsu sun bi gidaje 4,712 a ƙauyuka 322, aka buga sakamakon a mujallar Nature a 2022. An raba ƙauyukan gida huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya tallafin wata kawai suka ci gaba da karɓa. Sauran ukun duk an kafa musu asusu, an koya musu dabarun sana'a, an kuma ba su koci mai bibiyarsu. A kan haka sai aka ƙara wa kashi ɗaya jarin jika tamanin a dunƙule. Kashi na biyu ba a ba su jari ba, sai horon mako guda kan sanin darajar kai, tsara buri, yanke shawara da iya magana, tare da majigi da aka nuna wa gari duka, maza da dattawa na zaune, aka tattauna a kansa. Kashi na uku aka haɗa musu duka biyun.

Bayan wata 18, duk kasun uku sun fi waɗanda aka bari da tallafi kawai, a cin abinci, a kuɗin sana'a, har da kwanciyar hankali. Waɗanda aka haɗa wa duka sun fi kowa. Abin da ya ja hankalin masana shi ne kashi na biyu, wanda bai sami jari ba: shi ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma in aka auna riba da abin da aka kashe, shi ne a gaba.

Wajibi ne a karanta wannan da taka-tsantsan, domin masu tallan koci suna son irin wannan labari. Koci yana cikin duk kasun uku, don haka gwajin bai ware amfaninsa shi kaɗai ba. Kuma babu macen da aka ba magana zalla. Kowacce tana da jika goma a wata da asusun da za ta ci bashi. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne idan akwai ɗan abin juyawa a hannu, gyara tunani da samun goyon bayan gida na iya yin aikin da kuɗi ke yi. Bai ce magana na maye gurbin hatsi ba.

Majigin nan da aka nuna wa gari, a ganina, shi ne wurin da aka fi yin hikima. Kocin Turai yana ɗaukar mutum shi kaɗai ne mai rayuwarsa. A Lome ta ƙasar Togo wannan ya yi aiki: wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2017, kan ƙananan 'yan kasuwa 1,500, ya nuna horon zaburar da kai ya ƙara riba da kashi 30 cikin ɗari, alhali horon kasuwanci na gargajiya ya tsaya a kashi 11. To amma ɗan kasuwar birni daban, matar aure a ƙauye daban. Ita fitarta kasuwa sai da izini, kuma in ta yi fice ba da yardar gida ba, sunan da za ta samu ba mai daɗi ba ne. Catherine Thomas da abokan aikinta sun gwada wannan a Nijar: saƙon da ya nuna himmar mace a matsayin hidima ga iyali da zaman lafiya da jama'a ya fi wanda ya tsaya kan cin gaban kanta tasiri a tattalin arzikinta. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai Gabi tana da matsalar da babu tambayar da za ta warware. Shekarun nan ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Madarumfa suna fama da 'yan bindiga masu tsallakowa su kore shanu su sace mutane don kuɗin fansa. A irin wannan hali, mutumin da ya yi kiwon sa biyu ya ƙosar da su ya jawo ido kansa, kuma wanda ya ƙi faɗaɗa sana'arsa ba rashin buri ke damunsa ba, lissafi ya yi. Haka rufe iyaka da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun karya 'yan kasuwar da ba su yi kuskuren komai ba. Kocin da zai ce wa waɗannan mutane matsalar tana cikin tunaninsu ya zalunce su. Wanda kuma aka sako daga daji, ba ya barci, yana firgita, ba koci yake buƙata ba. Likita zai nufa. Wannan iyaka tsakanin koci da likita tana da muhimmanci domin sana'ar ba ta da lasisi irin na likita. Kowa na iya buɗe shafi a Facebook ko TikTok yau, gobe ya fara karɓar kuɗin rajista, wasu ma ƙofa ce ta jan matasa cikin harkar kawo-mutum-ka-samu-kaso.

Samari su ne aka bari a baya. Kusan duk shirye-shiryen da aka ambata na mata ne, alhali saurayin da ke tafiya Katsina ko Kano bayan girbi, ya dawo da kuɗi su narke cikin wata biyu, shi ma tambayoyin nan huɗu yake buƙata tun kafin ya hau mota.

Saura batun wa zai yi aikin, da wa zai biya shi. Matar aure ba za ta buɗe wa saurayi ɗan boko sirrin kuɗinta ba, komai horon da ya samu, kuma a ƙauye maganar da ta fita ɗaki ɗaya ta shiga gari. Saboda haka riƙon sirri ya fi takardar shaida. Biya kuma yana da tarko: in ƙungiyar agaji ce ke ba koci alawus, sannu a hankali burin ƙungiyar ne zai zama burin matar, zaman ya koma cika takarda, ran da shirin ya ƙare kuma aikin ya mutu. Mafi dacewa ga mahukuntan ƙaramar hukumar Gabi da ƙungiyoyin asusu shi ne su zaɓo mata daga cikinsu waɗanda aka sani da kame baki, da wasu dattawan sana'a domin samari, a koya musu tambaya da saurare da sanin lokacin da za su tura mutum likita, sannan ladansu ya fito daga asusun ƙungiyar, yadda mambobi za su iya sauke wanda bai yi musu ba.