Tarihin Adana Maniyyin Masu Ciwon Daji

A gafarce ni, domin batun yau irin wanda Bahaushe kan sakaya ne. Amma tarihi ba ya yiwuwa da kara.

Tun a 1776 wani malamin Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura cewa ƙwayoyin maniyyi kan daina motsi cikin ƙanƙara, su farfaɗo idan sun ji ɗumi. A 1866 Paolo Mantegazza ya kawo shawarar a riƙa adana na sojan da zai tafi yaƙi. Shawarar ta riga zamaninta, don kuwa daskarewa kan hallaka yawancin ƙwayoyin. Sai a 1949, a Landan, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano cewa giliserin yana kare su. Da maniyyin zakaru suka yi gwajin, kuma an ce ruɗanin lakabin kwalba ne ya kai su ga wannan sa'a. Shekara huɗu bayan haka, a jihar Iowa ta Amurka, Raymond Bunge da Jerome Sherman suka ba da labarin matan da suka ɗauki ciki da daskararren maniyyi.

To, ina ruwan mai ciwon daji da wannan? A da, babu. Wanda ba a sa masa ran kai baɗi, wa zai yi masa zancen 'ya'ya? Amma da aka fara warkar da cutar Hodgkin da haɗin magani na MOPP a shekarun 1960, kana Lawrence Einhorn ya shigo da cisplatin kan sankarar maraina a 1974, sai samari suka riƙa tashi. Magungunan nan suna farautar duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, su kuwa masu samar da maniyyi suna cikinsu. Mafi yawan mazan da MOPP ya warkar sun rasa haihuwa. A ganina, nasarar ce ta haifi matsalar.

Ko da aka koma adanawa cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, saura aiki: majiyyaci sau da yawa maniyyinsa ya riga ya yi rauni kafin a fara magani. A 1992, a Burasel, aka samu haihuwa ta hanyar cusa ƙwaya guda cikin ƙwan mace. Daga nan ɗan kaɗan ma ya isa a adana, muddin an karɓa kafin allurar farko.

Yaron da bai balaga ba kuwa ba shi da abin bayarwa. Shi tsokar marainansa ake yanka kaɗan a daskarar. A 2019 masana a Pittsburgh suka sanar da haihuwar 'yar biri ta wannan hanya.